RINI DA HASKE: WATA HANYAR KASHE ƘWAYOYIN CUTAR DA BA SU JIN MAGANI



Akwai wata magana da ake yawan ji yanzu a kasuwa da bakin rijiya. Wai maganin zamanin nan ba shi da ƙarfi kamar na da. A da, in miki ya yi ruwa, ko saniya ta kamu da ciwon hantsa, allura biyu ko uku sun isa. Yanzu sai a yi ta yi, a bar wannan a kama wancan, miki na nan yadda yake. Wasu na cewa maganin ne na jabu. Gaskiya ne, akwai na jabu, akwai kuma wanda rana ta lalata a kan teburin mai talla. Amma sau da yawa maganin na kirki ne. Ƙwayoyin cutar ne suka canza.

Yau za mu duba yadda haka ke faruwa, da wata dabara da masana ke gwadawa, wadda ba allura ba ce, ba kuma ƙwayar sha ba. Rini ne da haske.

YAYA ƘWAYAR CUTA KE DAINA JIN MAGANI?

Ƙwayoyin cutar da muke magana a kansu su ne likitoci ke kira bakteriya. Halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. In an jera guda 1000, ba za su wuce tsawon ƙwayar gero ɗaya ba. Ba su haifuwa kamar dabba, rabuwa suke yi: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Wasu na iya rabuwa kowane minti 20 in sun samu abinci da ɗumi. Wanda ya iya lissafi ya gwada: cikin awa 7, ƙwaya guda ta haura miliyan 2.

Maganin da ke kashe su shi ne antibiyotik. Wanda kowa ya sani, penisilin, wani masani mai suna Alexander Fleming ne ya gano shi a Ingila a 1928. Shi da kansa, a 1945, ya gargaɗi mutane cewa in ana shan maganin kaɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayoyin ba, za su saba da shi. Haka kuwa aka yi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna stafilokok, ita ce ke kawo maruru da ruwan miki. Da ta daina jin penisilin, aka yi mata sabon magani. A 1961 aka samu waɗanda sabon ma ba ya kashe su.

Manomin wake ya san wannan labari. Ka fesa magani bana, ƙwari sun mutu, sai ƴan kaɗan masu taurin rai suka tsira. Su ne za su hayayyafa. Bayan ƴan shekaru sai ka ga gonar duka jikokinsu ne, feshi ba ya yi musu komi. To haka abin yake cikin jikin mutum da na dabba. Wanda ya sayi kafso biyu a kasuwa ya sha, ya ji sauƙi ya bari, ya kashe raunana ya bar ƙarfafa. Wanda ya sha antibiyotik don mura, ya ɓata magani a banza, don mura ba bakteriya ke kawo ta ba. Haka wanda ke zuba wa kaji kafso cikin ruwan sha kullum, ko mai yi wa sa rabin allura don kwalba ta isa garke. Abin da ya fi muni, ƙwayoyin nan suna iya miƙa wa junansu dabarar, har ga waɗanda ba irinsu ba.

Kada a ce wannan matsalar Turai ce. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da ba su jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, wajen mutum 27 cikin kowane dubu 100. A Maraɗi ma an yi bincike a wata cibiyar kula da yara masu tamowa, aka buga shi a 2011. Kusan yaro ɗaya cikin uku ya zo daga gida da irin waɗannan ƙwayoyi a hanjinsa. Cikin waɗanda suka zo babu, aka sake aunawa ranar sallama, kusan duka sun ɗauka.

TSOHUWAR DABARA DA AKA MANTA

Dabarar rini da haske ta girmi penisilin. A birnin Munik na ƙasar Jamus, wani ɗalibin likita mai suna Oscar Raab yana gwada wani rini a kan ƙananan halittun ruwan tabki. Wata rana suka mutu da sauri. Wata rana kuma, da awon rini iri ɗaya, suka yi awoyi da yawa suna iyo. Ya rasa dalili. Da ya bi diddigi sai ya gane bambancin: hasken da ke shiga ɗakin ne ba ɗaya ba. Rini cikin duhu ba ya kashe su. Haske ba rini ba ya kashe su. In an haɗa biyun, sai mutuwa. An buga wannan a 1900.

Malaminsa, Hermann von Tappeiner, ya ci gaba da aikin. A 1903 shi da wani likitan fata suka shafa wa masu ciwon daji na fata wani jan rini, suka haska musu fitila. A 1904 aka tabbatar da cewa akwai abu na uku da dole sai da shi: iskar oksijin, wato ɓangaren iska da muke shaƙa mu rayu.

Akwai ma wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, da ya yi wa kansa allurar irin wannan sinadari don ya ga abin da zai faru. Ya fita rana. Fuskarsa da hannuwansa suka kumbura suntum, ya yi wajen wata biyu rana na ƙona shi. Ya biya kuɗin ilimi da fatarsa.

Daga shekarun 1940 penisilin ya bazu. Allura ta fi sauƙi, tana kuma bin jini ta kai ko'ina. Sai aka ajiye maganar kashe ƙwayoyin cuta da rini. Da allura ta fara gazawa ne aka koma aka kakkaɓe mata ƙura.

DUWATSUN MURHU UKU

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Wannan aiki ma duwatsunsa uku ne: rini, haske, da iska.

Ga yadda yake. Ana shafa rinin a kan miki, a bar shi ƴan mintoci. Ba kowane rini ba, akwai waɗanda aka zaɓa. Fatar bakteriya na jan irin wannan rini kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura, don haka yana manne musu da wuri, tun bai shiga naman mutum sosai ba. Sai a kawo fitila mai launin da ya dace da rinin. Shuɗin rini na son jan haske. Jan rini na son koren haske. In an kawo launin da bai dace ba, rinin ba ya farkawa.

Da rinin ya sha haske, sai ya miƙa ƙarfin ga iskar oksijin da ke kusa da shi. Iskar nan da muka sani mai sanyin hali sai ta zama kamar tartsatsin wuta. Duk abin da ta taɓa sai ta ƙona: fatar ƙwayar cutar, da kayan cikinta. Amma tartsatsin ba ya daɗewa. Ka raba sakan ɗaya gida miliyan, cikin ƴan gidaje kaɗan ya mutu. Tafiyar da yake yi kafin ya mutu ba ta kai girman ita ƙwayar cutar ba. Wannan shi ne sirrin abin. Wutar na ci ne daidai inda rinin ya manne. Rinin kuwa ba ya ƙarewa da tartsatsi ɗaya, yana komawa yadda yake, ya sake shan haske, ya sake kunnawa, muddin fitila na kai. In an kashe fitila, aiki ya tsaya.

To me ya sa ƙwayar da ta gagari allura ba ta gagarar wannan? Antibiyotik kamar ɓarawo ne da ya san ƙofa ɗaya ta shiga rumbu. Penisilin na hana ƙwayar gina bangonta. Wani maganin na hana ta sarrafa abinci. Kowane da ƙofarsa. In mai rumbu ya canza ƙofar, ko ya sa mai gadi, ɓarawo ya koma hannu banza. Gobara kuwa ba ta neman ƙofa, jinka take kamawa ta kowane gefe. Masana sun sha gwadawa: su haska wa ƙwayoyi rini, su bar waɗanda suka tsira su hayayyafa, su sake, sau da yawa a jere. A mafi yawan gwaje-gwajen, jikokin sun ci gaba da mutuwa kamar kakanninsu. A wasu kaɗan an ga sun ɗan ƙara juriya. Saboda haka ba a cewa abin ba zai taɓa yiwuwa ba, sai dai ya fi wuya nesa ba kusa ba.

ABIN DA TUMAKI SUKA KOYA MANA

Makiyayi zai fi kowa gane wannan, don irin wannan aiki na faruwa a jikin dabba ba tare da likita ba.

Kowa ya san tsaidau, mai ƙayar nan da ke sukar ƙafa. A Afirka ta Kudu, a ƙasarsu ta kiwo mai ƙarancin ruwa, tsaidau ya sha kashe tumaki masu yawa. In an yi ruwa ya tsiro, sai zafi ya biyo ya yi yaushi, tumaki suka ci da yawa, yana toshe musu hanyoyin maɗaciya cikin hanta. Koren ganyen da dabba ke ci, in ya narke a tumbi, yana barin wani sinadari. Lafiyayyar hanta na fitar da shi ta maɗaciya. In hanya ta toshe sai ya taru cikin jini, ya bi har fata. Wannan sinadari rini ne mai farkawa da haske. Da tunkiya ta fita rana, sai fuska ta kumbura, kunnuwa su yi nauyi su faɗi, fata ta tsage, ido ya yi rawaya. Inda fata ke fara, gashi kuma ba yawa, nan ya fi ci. Inda take baƙa ko mai gashi, haske bai shiga ba.

Ba tsaidau kaɗai ke yin haka ba, duk abin da ya ɓata hanta na iya jawo shi. In kun ga farar tunkiya ko saniya mai farin tabo tana gudun rana, fatar wurin farin na kumbura tana saɓulewa, baƙin wurin kuwa lafiya lau, ku sa ta inuwa nan da nan, ku kai mata ci da sha can, ku canza mata makiyaya, ku kira malamin dabbobi. Allurar antibiyotik ba ta gyara hanta.

Abin da ke cutar da tunkiya shi ne likitoci ke son juyawa a kan ƙwayar cuta: a sa rinin inda ake so kawai, a haska inda ake so kawai.

INA AKA GWADA, ME AKA SAMU?

Rinin da aka fi aiki da shi shuɗi ne, sunansa metilen. An fara yin shi a Jamus a 1876 don rina tufafi. A 1891 aka gwada shi a kan masu zazzaɓin cizon sauro. Tsohon abu ne, ba shi da tsada.

A babban asibitin birnin Bankuba na ƙasar Kanada, tun 2011 ake amfani da shi kafin a yi wa mutum tiyata. Dalili shi ne, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da stafilokok a cikin hancinsa ba tare da ya sani ba. In an yanka shi, ƙwayar hancinsa na iya komawa kan ɗinkin. Sai su shafa shuɗin rini cikin hanci, su sa ɗan siririn jan haske na ƴan mintoci. A da, cikin mutum 1000 da aka yi wa aiki, wajen 27 ɗinkinsu ke yin ruwa. Bayan an fara, suka koma 16. Sai dai a lura: tare da hasken suna goge jikin majinyaci da maganin tsafta. Ba za a ba haske ladan duka ba.

Kusa da mu, a babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a Gana, an gwada wani abu mai kama da wannan a kan jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Suka zuba bitamin B2 cikin ledar jini, irin bitamin da ke cikin madara da ƙwai, suka haska ta da wata fitila ta musamman. Cikin mutum 37 da aka ƙara wa jini mai ƙwayar zazzaɓin sauro ba a haska ba, 8 suka kamu. Cikin 28 da aka ba wanda aka haska, 1 ya kamu. An buga wannan a 2016. Ƙwayar zazzaɓin sauro ba bakteriya ba ce, amma dabarar ɗaya ce.

Sai maganar ido, wadda ta shafe mu ƙwarai. Lokacin girbi da sussuka, kara ko ƙaiƙayi na sukar mutum a ido. In ƙwayar cuta ta shiga baƙin ido, cikin kwanaki kaɗan ana iya rasa shi. A wani asibitin ido a Miyami ta Amurka, likitoci sun ɗiga jan rini a idon masu irin wannan ciwo da magani ya gaza, suka haska koren haske na minti 15. A 2019 suka ba da labarin mutum 18, inda 13 suka tsira ba a yi musu dashen baƙin ido ba. Labari mai daɗi. Amma da aka yi babban gwaji a Indiya da Brazil, da mutum sama da 300, rabi an haska musu na gaskiya, rabi ba a yi ba, dukansu kuma ana ba su maganin ɗigawa, sakamakon da ya fito a 2025 bai nuna waɗanda aka haska sun fi sauran warkewa ba. Mun kawo wannan ne don a san yadda aikin bincike yake. Mutum 18 ba su isa a yanke hukunci ba. Wanda kara ya soke shi a ido, ya je likita ranar, kada ya kwana, kada kuma a ɗiga masa komi a gida.

SABABBIN DA KE ƊAKIN BINCIKE

Akwai waɗanda ba su fito ba tukuna, amma sun isa a ji labarinsu.

A jami'ar Rice ta Amurka, masana sun ƙera wani sinadari mai ɗan hannu da ke juyawa in shuɗin haske ya same shi, sau miliyan 2 zuwa 3 cikin sakan ɗaya. Yana manne wa fatar ƙwayar cuta ya huda ta, kamar yadda gara ke huda azara. A 2022 suka nuna yana kashe stafilokok mai taurin kai cikin minti biyu a kwanon gwaji. In bai kashe ta ba ma, ƙofar da ya huda na ba tsohon antibiyotik hanyar shiga. An gwada shi a kan tsutsotsi, ba a kan mutane ba.

A Holand kuma, a 2013, Ben Feringa da abokan aikinsa suka yi wani antibiyotik mai makunni. Haske ke kunna shi, bayan ƴan awoyi ya mutu da kansa. A ganinmu wannan ya fi na farkon ma'ana ga mai kiwo. Maganin da ake yi wa sa allura, da yawansa na fita cikin fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa. Daga nan sai taki, sai gona, sai tabki. Can yake ci gaba da horar da ƙwayoyin cuta kaɗan kaɗan, daidai abin da Fleming ya ji tsoro. Maganin da ke kashe kansa bayan ya gama aiki ba zai yi wannan ɓarna ba.

INDA HASKE BA YA KAIWA

Da dare, ku ɗora yatsunku a bakin tocila. Za ku ga ja ne kawai ke ratsowa. Shi ya sa aka fi son jan haske, ya fi sauran shiga nama. Duk da haka, aikinsa bai wuce ƴan milimita ba, da ƙyar ya kai santimita guda. Mugunya da jini da mataccen nama na tare shi, sai an wanke miki tukuna.

Ke nan wannan dabara ta miki ce, da ƙuna, da dasashi, da cikin hanci, da duk inda za a iya kai fitila. Ba ta maganin sanƙarau. Ba ta maganin taifot, ko tarin fuka, ko ciwon huhu na yara da na shanu, ko cutar da ta shiga jini. Waɗannan sai antibiyotik, babu makawa. Don haka dole a yi tattalin wanda ke hannu: a karɓe shi daga likita, a sha yadda aka ce har kwanakin su cika, a yi wa dabba awon da ya dace da nauyinta, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Yau ba za ku tarar da wannan aiki a gidan likitan ƙauye ba. Amma muna ganin ya dace da ƙasa irin tamu in ya tabbata. Rinin ba shi da tsada, ba ya bukatar firji. Ƙananan fitilun zamani ba su cin wuta, farantin hasken rana ya ishe su. Kowane mikin da aka warkar da haske, an adana kwalbar magani ga yaro mai sanƙarau.

Sai gargaɗi, kuma da babbar murya. Kada wani ya ji an ce shuɗin rini, ya ɗauko bula ta wanki, ko shunin marina, ko tawadar biro, ya shafa a miki ya zauna rana. Ba su ba ne. Shuɗin maganin feshi da ake sa wa mikin dabba shi ma wani abu ne daban. Shi kansa metilen na gaskiya yana da awo, rinin da hasken duka ana auna su. In an sha shi, yana iya fasa jinin wasu mutane masu wani rauni na gado, kuma masu wannan rauni suna da yawa a Afirka ta Yamma. Ku tuna da likitan nan da ya kumbura.

WANDA ZA KU IYA YI A GIDA: RUWA A RANA

Akwai ɗan'uwan wannan dabara da ba ya bukatar rini daga waje. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa suna da nasu ɗan rini a cikin jikinsu. In rana mai ƙarfi ta daɗe a kansu, ga iska cikin ruwan, duwatsun murhu sun cika, sai su ƙone daga ciki. Zafi kuma na taimakawa. Rana ba ta tambaya ko ƙwaya na jin allura ko ba ta ji.

Wani malami a jami'ar Bairut ta Labanan, Aftim Acra, shi ya yi nazarin wannan a shekarun 1980. Masanan ƙasar Suwis suka ƙarasa aikin a shekarun 1990. An gwada a wurin makiyayan Masai na Kenya, aka ga zawo ya ragu ga yaran da ke shan ruwan da ya sha rana. Yaron da bai yi zawo ba, ba a saya masa kafso ba.

Ga yadda ake yi:

1. A samu gorar roba fara tas, wadda ake ganin ciki, irin ta ruwan sayarwa ko ta lemu. Kada ta wuce litir 2. Mai launi, ko wadda ta tsufa ta yi duhu da ƙarzuwa, ba ta yi. Bidon rawaya ba ya yi. Wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur a ciki, kada a kusance ta.

2. A cire takardar jikinta, a wanke da sabuni.

3. Ruwan ya zama garau. In na tabki ne mai laka, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsafta. Don a auna, a cika gorar, a tsayar da ita a kan manyan baƙaƙen kan wannan takarda, a leƙa ta baki. In ana iya karanta baƙaƙen ta cikin ruwan, ya yi. In ba a iyawa, a sake tacewa, ko a tafasa.

4. A zuba ruwa kashi uku cikin huɗu, a rufe, a girgiza ana ƙirga 20 don iska ta shiga. Sannan a cika, a rufe da kyau.

5. A kwantar da ita, kada a tsayar, a kan kwanon rufin ɗaki ko wani wuri da inuwa ba ta zuwa. A sa tun da hantsi. Awa 6 cikin rana sosai.

6. In akwai hadari da ya rufe sama, ko hazo mai kauri na hunturu, a bar ta kwana biyu a jere. Ranar da ake ruwa wuni guda, a tafasa.

A bar ruwan ya huce cikin gorarsa. A sha daga ita, ko a zuba a kofi mai tsafta. In an juye shi cikin randar da kowa ke tsoma moɗa, an koma gidan jiya. Rana ba ta cire guba ko maganin feshi daga ruwa, ƙwayoyin cuta kawai take kashewa. Ga jariri da mai ciwo mai tsanani, tafasasshe ya fi.

Gida mai mutum shida na bukatar gora da yawa, kashi biyu: waɗanda ke kan rufi yau, da waɗanda ake sha na jiya. Gorar da ta fara yin fari-fari ko ta tsage, a canza ta.